Filin Tambaya da Amsa: Allo biyu na iya, allo ɗaya ya gagare ni

Wasiƙun wannan fitowar sun haɗu a kan abu guda, wato zamiyar ruwa da allo ɗaya da ake kira silalom, inda jirgi mai inji ke jan mutum da igiya yana tsaye a kan siririn allo, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na rage tsawon wasu saboda ƙarancin wuri, masu su su yi min afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 27. Na iya tashi da allo biyu, har ina tsallake sawun jirgi dama da hagu. Amma tun da na koma allo ɗaya ban taɓa tashi ba. Da jirgi ya ja, ko dai allon ya goce gefe in kife, ko ruwa ya cika min hanci mariƙin ya fizge daga hannuna. Ina ɗaga ƙarfe, saboda haka ba rashin ƙarfi ba ne. Abokaina sun fara gajiya da juyowa ɗaukata. Ina kuskuren yake? Ƙaninka mai shan ruwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Duk cikin wasiƙarka ba inda idona ya tsaya sai wurin maganar ɗaga ƙarfe, domin ina zargin nan gizo ke saƙar. Na daɗe ina zama a kujerar mai sa ido, wadda ke kallon baya, kuma abin da nake gani shi ne majiya ƙarfi sun fi kowa shan wuya a tashin farko. Yarinya 'yar shekara 12 takan tashi salin-alin, ƙato mai faffaɗan ƙirji kuwa ya wuni yana kurɓar tafki. Ita ba ta da ƙarfin yin jayayya da jirgi, sai ta bi. Shi yana da shi, sai ya gwada.

Ga yadda abin yake daga inda nake zaune. Direba ya sa giya, igiya ta miƙe. Sai in ga haɓar mutum ta ɗago, gwiwoyin hannunsa sun lanƙwashe yana jawo mariƙi zuwa ƙirji, ƙafafunsa sun miƙe yana tokarar ruwa. Da ya miƙe ƙafa, allon ya tsaya tsaye, ruwa ya taru a gabansa ya ƙi ba shi hanya. Injin irin jiragen da ake wannan wasa da su yakan haura ƙarfin doki 300. Cikin biyu dole a yi ɗaya, ko mariƙi ya bar hannu, ko mutum ya tuntsura ta kan allon. Abin da ka kwatanta ke nan.

Gyaran yana farawa tun jirgi bai motsa ba. Saki jikinka cikin ruwa ka bar rigar ceto ta ɗauke ka, ban da wutsil-wutsil da hannu. Ka dunƙule sosai, gwiwar gaba ta taɓa ƙirji, mazaunai su matso kusa da diddigen ƙafar baya. Hannaye a miƙe, tafukan biyu suna kallon ƙasa a kan mariƙi. Bakin allo ya leƙo saman ruwa kamar tsawon tafin hannu ko fiye kaɗan. Ralph Samuelson, saurayin da ya fara wannan wasa a tafkin Pepin da ke jihar Minesota ta Amurka a 1922, ya yi kwanaki yana nitsewa, ya gwada har da katakon ganga, kafin ya gane cewa sai bakin allo yana sama ake tashi. Yau sama da shekara 100 ke nan ba a canza wannan ba.

Igiya ma tana da gefenta, kuma mutane da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu. In ƙafar hagu ce a gaba, igiya ta bi ta daman allo. In ta dama ce a gaba, ta bi ta hagu. Haka allon zai sami abin jingina maimakon ya goce. Akwai kuma mariƙin masu koyo wanda igiyarsa ta rabu biyu da tsawo, bakin allo ya shiga tsakani ya zauna daram. In ka samu, yi amfani da shi, ba abin kunya ba ne.

Ka ce direba ya fara jan ka a hankali, tafiyar da ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba, har ka ji allon ya daidaita yana kallon jirgi. Sannan ja numfashi ka ba da umarni. Daga nan daƙiƙa uku ko huɗu ne masu ɗaci: ruwa zai bugi ƙirjinka ya rufe fuskarka, ba za ka ga komai ba, hannayenka su ji kamar za su guntule. A nan mafi yawa ke saki, alhali saura ƙiris allon ya hau. Sunkuyar da haɓa, runtse ido in ka ga dama, ka ci gaba da dunƙulewa. Ka ɗauka kana tsugune ne wani ya kama hannunka yana tashe ka: ba ka fizgarsa, ba ka tirjewa, binsa kake yi. Za ka ji nauyin ya ragu farat ɗaya, ƙarar ruwan ma ta canza. To, allo ya kwanta a kan ruwa ke nan. Ko a lokacin kada ka zabura. Ƙara daƙiƙa biyu a tsugune, sannan ka miƙe sannu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ido a kan jirgi. Wanda ya kalli ruwa, ruwan zai je.

Ana saɓani kan ƙafar baya. Wasu na sa ta cikin madaurinta tun a ruwa. Wasu na barin ta a waje tana jan ruwa ta baya, sai sun tashi su sa ta. Hanya ta biyu tana rage nauyi in injin ba shi da ƙarfi sosai, amma tana buƙatar ƙafar gaba ta ɗauki komai ita kaɗai. Ni dai in jirgi na da ƙarfi na fi son mai koyo ya fara da ƙafa biyu a ciki.

Kada kuma ka ɗora wa kanka laifin duka. Tunda abokanka ke tuƙi, duba yadda suke ba da wuta. Direban da ke danna totur gaba ɗaya lokaci guda zai fizge mariƙi ko a hannun gwani, wanda kuma ke jan jiki da yawa zai bar ka kana noman ruwa har ka gaji. Abin da ake so shi ne ja mai ƙaruwa ba tare da yankewa ba, in ka tashi ya tsayar da gudu wajen kilomita 40 zuwa 45 a sa'a. Allo ɗaya ya fi biyu son gudu, domin faɗin da ke ɗauke da kai ya ragu.

Sai shawarar da na fi ba muhimmanci, ko da yake na san samari ba sa son ta. Ajiye tashi daga cikin ruwa tukuna, ka koyi yar da allo. Tashi da biyu yadda ka saba, amma ka sassauta takalmin wanda za ka yar. A wuri mai kwanciyar ruwa, mayar da nauyinka kan ƙafar da za ta zauna, ɗaga diddigen ɗayar ka bar allon ya zame da kansa ya tsaya a baya. Kada ka shure shi. Bar yatsun ƙafar suna shafar ruwa na ɗan lokaci, ba gaggawa, sannan ka ɗora ta a bayan ta gaba, daga baya ka lalubi madauri. Ta haka jikinka zai san yadda tsayuwa a allo ɗaya take kafin ka haɗa ta da wahalar tashi. Ku koma ku ɗauki allon da aka yar nan da nan kada wani jirgi ya hau shi. In kuma ka faɗi sau biyar ko shida a jere, hau jirgi ka huta. Hannun da ya gaji ba ya koyon komai.

TAMBAYA: Malam, wace ƙafa ake sawa a gaba? Kuma ina son sayen allo irin na 'yan gasa tun yanzu don kada in yi saye biyu. Nauyina kilo 88. Wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, maganar ƙafa ba ta bin hannun da kake rubutu da shi. Kana kan allo biyu, ɗaga na hagu kaɗan daga ruwa ka ɗan jima, sannan ka ɗaga na dama. Ƙafar da ka fi natsuwa a kanta ita ce ta gaba. In ka zaɓa ka tsaya a kanta, sauye-sauye na mayar da mutum baya.

Batun allon gasa kuwa, a'a. An ƙera shi siriri, mai tauri, don ya yi aiki a gudun kilomita 55 zuwa 58 a ƙarƙashin wanda ya san abin da yake yi. A gudun mai koyo nitsewa yake yi, kuma ba ya yafe ƙaramin kuskure. Nemi mai faɗi, wanda ke hawa ruwa da wuri. Ana auna tsawon allo da inci, manya galibi tsakanin 65 da 69, kuma mai nauyinka zai fi jin daɗin 68 ko 69. Kamfanoni irin su HO da Radar da Connelly da O'Brien kowanne na da jadawalin nauyi da tsawo, ka duba na wanda za ka saya. Takalmin ya kama ƙafa ba tare da ya matse ta ba, ya kuma iya sakinta in ka yi mummunar faɗuwa. Za ka yi saye biyu, haka abin yake, amma na farkon shi zai kai ka ga na biyun.

TAMBAYA: Ina yi maka fatan alheri. Shekarata 43, 'ya'yana ne suka ja ra'ayina. Ina iya iyo amma ba can ba. Shin na makara? Kuma me ya kamata in ji tsoro? 'Yar'uwarka.

AMSA: Hajiya, ba ki makara ba. Ana gasar wannan wasa rukuni-rukuni bisa shekaru, har da na waɗanda suka haura 65. Gwanintar iyo ba sharaɗi ba ce, abin da ake so shi ne kada ki firgita in ruwa ya rufe miki fuska. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne rigar ceto wadda hukuma ta amince da ita, daidai jikinki, a ɗaure tam. In kika ɗaga hannu wani ya ja kafaɗun rigar ta hau har kunnenki, ta yi miki yawa. Akwai siraran riguna da 'yan gasa ke sawa don rage zafin bugun ruwa, waɗannan ba a yi su don su riƙe wanda ya suma a saman ruwa ba, ki bar musu kayansu. In kina da ciwon baya ko na gwiwa ko na zuciya, ki fara ganin likita.

Mutum uku ke wannan wasa: ke, da direba mai kallon gaba, da mai sa ido wanda ba shi da aikin komai sai kallonki. Jirgin da babu na ukun kada ki kama igiyarsa. Ku yi bitar alamun hannu tun kuna bakin ruwa, domin ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Babban yatsa sama, a ƙara gudu. Ƙasa, a rage. Shafa tafin hannu a wuya, a tsaya. Bubbuga kai, a koma gaɓa. In kin faɗi kuma lafiyarki ƙalau, haɗa hannaye biyu a saman kai. In ba a ga wannan alamar ba, mai sa ido zai ɗauka kin ji ciwo. Inda akwai wasu jirage, ɗaga allon sama don a hango ki.

Abubuwa biyu ne nake tsoro fiye da faɗuwa. Na farko farfela: duk lokacin da za ki hau jirgi ko ki sauka, a kashe inji ɗungurum, ba a cire giya kawai ba. Na biyu igiya. Kada ki taɓa naɗa ta a hannu, kada ki zura hannu ko kai cikin kusurwar mariƙi, kuma da kin ji kin tafi ki saki. Masu koyo kan manne wa mariƙi bayan sun faɗi, jirgi ya yi ta jan su a kife.

Rauni da ya fi kama masu shekarunmu shi ne yagewar naman bayan cinya, kuma wajen tashi yake faruwa, lokacin da ƙafa ta miƙe jirgi ya ninke mutum ta gaba. Maganinsa shi ne dunƙulewar nan da na yi wa mai tambaya ta farko bayani, da ɗumama jiki kafin shiga ruwa. Ki fara da allo biyu, a ruwan da zurfinsa ya kai aƙalla mita ɗaya da rabi, nesa da gaɓa da masu wanka. In wurin da za ki koya suna da sandar ƙarfe da ake maƙalawa a gefen jirgi, fara da ita. Ba ta lilo irin na igiya, ga mai koyarwa kusa da ke kina jin muryarsa.

TAMBAYA: Malam, na fara tashi da allo ɗaya ba matsala. Yaushe zan shiga tsakanin ƙwallaye? Kuma ina jin masu sharhi na cewa wane ya ci uku a mita 10.75, ban gane ba. Ɗalibinka.

AMSA: Madalla, ɗalibina. Bari in fara da lissafin, domin shi zai amsa maka rabin tambayar farko.

Filin silalom tsawonsa mita 259. Jirgi na bin tsakiya ɗoɗar, tsakanin ƙananan ƙwallaye da aka ɗaure a kan ruwa don su nuna masa hanya. Kai kuma ka shiga ta ƙofa, wato tsakanin ƙwallaye biyu da ke bakin filin, ka kewaye ƙwallaye 6, na farko a dama, na biyu a hagu, haka har na shida, ka fita ta ƙofar ƙarshe. Kowane ƙwallo yana nesa da tsakiya da mita 11.5. Duk wanda ya gama shidan, a ƙara masa gudu da kilomita 3, har a kai iyaka: 58 a sa'a ga maza, 55 ga mata. A gudun 58, filin gaba ɗaya daƙiƙa 16 ne da 'yan kai. Daga nan gudu ya tsaya, sai a koma rage igiya. Cikakkiyar igiya mita 23 ce. Ana rage ta zuwa 18.25, sai 16, sai 14.25, sai 13, sai 12, sai 11.25, sai 10.75, sai 10.25, sai 9.75. Wanda aka ce ya ci uku a 10.75, ya wuce duk matakan baya, ya kewaye ƙwallo uku da igiya mai wannan tsawon kafin ya faɗi ko ya kuskure.

Yanzu dubi lambobin nan da kyau. Daga 11.25 igiya ta gaza kaiwa ƙwallo ko da an miƙe ta gefe sak daga turken jirgi. Ragowar tazarar da jiki ake cike ta, mutum ya saki hannu ɗaya, ya kwanta har kafaɗarsa ta kusa shafar ruwa, allon kaɗai ya zagaya ƙwallon. Ba'amurke Nate Smith ya kafa tarihin duniya a 2013 da ƙwallo biyu da rabi a mita 9.75, wato igiyar ta gaza da kusan mita biyu. Hukumar wasan ta duniya, IWWF, ita ke tabbatar da irin wannan tarihi. An fara gasar duniya a 1949 a Faransa, an kuma nuna wasan sau ɗaya a Olamfik ta 1972 a birnin Kiel na Jamus, amma bai samu zama cikin wasannin dindindin ba. Ni a ganina an yi wa 'yan kallo ƙwauro, sai dai wannan zance ne na wata rana.

To yaushe za ka shiga? Ba yanzu ba. Ƙwallo na lalata mai koyo, domin da ya gan shi sai ya manta da komai ya bi shi da ido, ya karye a ƙugu, ya fizgi igiya. Abin da ke kai mutum ga ƙwallo ba a wurin ƙwallon ake yin sa ba, a bayan jirgi ake yi, wajen tsallake sawu. A nan za ka zauna tukuna.

Fita gefe kaɗan, 'yan mitoci daga tudun ruwan da jirgi ke tayarwa. Jira igiya ta miƙe. Jingina jikinka gaba ɗaya, daga idon sawu har kafaɗa a layi guda, kana nisantar jirgi. Hannaye a miƙe, mariƙi ƙasa kusa da ƙugu, ƙugu a gaba, ƙirji a buɗe. Allon zai hau gefensa ya fara yankan ruwa. Riƙe shi a kan gefen nan har ka wuce tudu na biyu. Kusan kowa yakan tsorata daf da tudun farko ya kwantar da allon, shi kuwa allo in ya kwanta sai tudun ya cilla shi sama. Wanda ke kan gefensa ratsawa yake yi. Ido a can gaɓar da ka nufa, gwiwoyi su sha bugun. Bayan tudu na biyu ka daina ja, ka miƙe, ka bar gudun ya ragu da kansa, sannan ka juya a hankali. In ka ga igiya ta yi sako-sako a wurin juyawa, ko dai ka ci gaba da ja bayan ka wuce sawu, ko ka yi saurin juyawa tun kana gudu fiye da jirgi. Kada ka jawo ta da hannu, jira ta.

Za ka tarar gefe ɗaya na zuwa da sauƙi, ɗayan kuwa kamar ba jikinka ba. Kowa haka yake, tsayuwar ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ce ta jawo. Ba wa gefen mai wuya kaso mafi yawa na lokacinka. Kuma kada feshin ruwa ya ruɗe ka. Hotunan da kake gani na bangon ruwa a bayan gwanaye sakamakon gudu ne da kyakkyawan juyi. Mai koyon da ke danna wutsiyar allo don ya tayar da feshi yana koya wa kansa tsayuwa a ƙafar baya, ɗabi'ar da ke da wuyar bari.

Ranar da ka iya tsallakawa sau shida a jere, dama da hagu, da kari ɗaya, ba tsalle ba sako-sakon igiya, to ka shiga fili. Fara da doguwar igiya, mita 23 ko 18.25, a gudun da bai wuce 43 ko 46 ba. Ka manta da ƙofar shiga tukuna, ka riƙa juyawa ta cikin ƙwallaye kana bin karinsu ba tare da ka kewaye su ba. Wasu filayen suna da ƙwallayen masu koyo da aka matso da su kusa da tsakiya, in akwai ka fara da su.

TAMBAYA: Tafin hannuna duk ya yi bororo, bayana kuma na ciwo kwana biyu bayan kowane wasa. Haka ake yi? Wata mai karatu.

AMSA: Bororon, haka ake yi da farko. Sayi safar hannu ta wannan wasa, wadda ta kama hannu sosai, ki riƙe mariƙi da yatsu maimakon ki cusa shi tsakiyar tafi, kuma ki cire zobe kafin ki shiga ruwa. Ciwon bayan kuwa saƙo ne. Yawanci yana nufin kina karyewa a ƙugu, mazaunai a baya kafaɗu a gaba, sai ƙasan baya ya ɗauki jan da ya kamata ƙafafu su ɗauka. Ki sa mai sa ido ya ɗauke ki bidiyo da waya daga cikin jirgi, za ki gani da idonki. Rage tsawon kowane zagaye zuwa minti 10 ko ƙasa da haka. In ciwon yana sauka ƙafa, ko kina jin ƙafar na dindiris, ki dakata da wasan ki ga likita kafin ki koma.